Tsohon Man Suya: Tukunyar Miya ko Tankin Inji?

Kalmar "mai" tana daga cikin kalmomin Hausa masu ɗaukar kaya da yawa. Da ita ake kiran man gyaɗa da man ja da man shanu da man kaɗanya, da ita kuma ake kiran man fetur da man gas da baƙin man da ake ɗura wa inji. Na ci da na shafawa da na ƙonawa, duk Bahaushe ya tara su a ƙarƙashin suna guda, sai kalmar da ta biyo baya ce ke rarrabe su. Wannan tarayya ta suna ba ta rasa tushe ba, domin kimiyya ta tabbatar da cewa man da ke cikin kaskon mai ƙosai yana iya tayar da injin niƙa, muddin an bi da shi ta hanyar da ta dace. Sai dai a wurin wannan "muddin" ɗin ne gizo ke saƙa. Mutane da yawa sun ji rabin maganar, sun bar rabin, kuma rabin da suka bari shi ne mai kashe inji.

Abin da ya sa zancen ya taso ba ɓoyayye ba ne. A farkon shekarar 2022 ana sayar da litar man gas ƙasa da naira 300 a yawancin sassan Nijeriya. Kafin tsakiyar shekarar, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, ta haura naira 700. A farkon 2024 kuwa ta wuce naira 1,200. A cikin wannan shekarar ce matatar Ɗangote ta fara sayar da nata man gas, farashin ya ɗan sassauta, amma bai koma gidan jiya ba. A ƙaramar hukuma irin Ɓaɓura, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta fiye da mutum 200,000, kuma mafi yawansu manoma ne, tsadar man gas ba ta tsayawa a gidan mai. Tana bin injin niƙa da injin matsar gyaɗa, tana bin tarakta, tana bin janaretan asibiti da na rijiyar burtsatse, tana bin manyan motocin da ke kwasar riɗi da zoɓo da dabbobi zuwa Kano, har ta isa ga kuɗin niƙan mudun gero. Haka lamarin yake a Kazaure da Roni da Gwiwa. Don haka duk wanda ya zo da labarin wani mai da zai rage wa mai inji ɗawainiya, ba zai rasa masu sauraro ba.

Ra'ayin da za a kare a nan shi ne cewa sarrafa tsohon man suya ya zama man inji abu ne da ya kamata a gwada a wannan yanki, amma ba don dalilin da aka fi yayatawa ba. Ba zai karya farashin man gas ba, domin man bai kai yawan da zai yi haka ba. Babban amfaninsa shi ne samar wa ƙonannen mai wata mafita wadda ba cikin ɗan Adam ba. Kuma aiki ne na makarantun kimiyya da fasaha da ƙungiyoyin sana'a masu rajista, ba na bayan ɗaki ba.

Da man gyaɗa aka fara

Injin da ake kira da sunan Rudolf Diesel, Bajamushen da ya ƙirƙiro shi a ƙarshen ƙarni na 19, ba shi da fulogi kamar injin fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafi ƙwarai, sannan a feso mata mai, ya kama da kansa. Saboda haka ne yake iya karɓar mai iri-iri. A wajen babban baje kolin duniya da aka yi a birnin Faris a shekarar 1900 an nuna wani ƙaramin inji irin wannan yana aiki da man gyaɗa. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin, don tana so ta ga ko ƙasashen da take mulka a Afirka, inda gyaɗa ke yi, za su iya samar wa injuna mai ba tare da an yi jigilarsa daga Turai ba. Wato ke nan, tun kafin jirgin ƙasa ya fara kwasar gyaɗa daga Kano a 1912, kuma tun kafin a tsayar da dalar gyaɗa ko guda, an riga an san cewa gyaɗar tana iya juya inji. Arahar man da ake haƙowa daga ƙasa ce ta sa aka mance da zancen.

Ba araha kaɗai ba ce. Man tsirrai yana da kauri, ya ninka man gas sau goma ko fiye. Idan aka zuba shi a inji yadda yake, ba ya fesuwa da kyau, ba ya ƙonewa ƙurmus. Ragowarsa tana daskarewa a bakin nozul, tana manne wa zoben fistin, tana tsiyaya cikin baƙin mai ta ɓata shi. Injin zai tashi yau, ya tashi gobe, mai shi ya yi murna, bayan 'yan watanni sai ga shi a gaban bakanike. Maganin wannan matsala ya fito ne daga wani masanin Beljiyam mai suna Charles Chavanne, wanda a 1937 ya yi rajistar hanyar sarrafa man ja ya zama mai marar kauri. A shekarar da ta biyo baya aka gwada shi a wata motar safa da ke jigila tsakanin Brussels da Louvain. Wannan mai da aka sarrafa shi ne ake kira bayodizal.

Yadda ake yin sa ba shi da wuyar fahimta. Kowane ƙwayar man tsirrai kamar tsintsiya ce mai tsinke uku dogaye, an ɗaure su da wani madauri da ake kira gilisarin, kuma wannan ɗaurin ne ke sa man kauri. Ana tace man, a ɗumama shi don ruwan da ke ciki ya fita, sannan a kawo wani nau'in sinadari mai suna mitanol, kimanin kashi ɗaya bisa biyar na yawan man, a narkar da 'yar soda a cikinsa, irin sodar da mata ke yin sabulu da ita. Sai a haɗa, a riƙa juyawa kamar sa'a guda a zafin da bai wuce digiri 60 ba. Sodar tana kwance ɗaurin, tsinkayen su rabu, kowanne ya kama mitanol. Idan aka bar haɗin ya kwanta, gilisarin zai sauka ƙasa, bayodizal ya tsaya a sama. Daga nan sai wanki da ruwa don fitar da ragowar soda da sabulu, sai kuma busarwa. Lita goma ta man da bai lalace ƙwarai ba tana ba da abin da ya kusa lita tara ko fiye na bayodizal.

Da wuya a yi amfani da shi zalla. Gauraya shi ake yi da man gas, kuma lambar da ake rubutawa tana nuna kasonsa cikin ɗari. A jarka mai cin lita 20, B5 yana nufin lita ɗaya ta bayodizal da lita 19 na man gas. B20 yana nufin lita 4 da lita 16. Ƙa'idar Turai ta yarda a sa har kashi 7 cikin ɗari a man gas na gama-gari. Birazil ta kai kashi 15 a 2025, Indonesiya kuwa, mai arzikin kwakwar man ja, ta tashi daga kashi 30 a 2020 zuwa 35 a 2023, sannan 40 a 2025.

Abin da inji ke so da wanda ba ya so

Dole a faɗi alherin wannan mai. Yana da santsi, yana rage cin ƙarfe a cikin famfon injekta. Hayaƙinsa bai kai na man gas baƙi ba, kusan babu farar wuta a cikinsa, kuma ba ya saurin kama wuta a ma'ajiya. Wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin injin niƙa, inda mai niƙa da yaran da aka aiko suke shaƙar hayaƙi da gari gaba ɗaya, ya san rage baƙin hayaƙi ba ƙaramin abu ba ne. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙarfinsa bai kai na man gas ba: zallansa ya gaza da kusan kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari, ko da yake a B20 gibin bai wuce kashi 2 ba, wanda mai inji ba zai ma lura da shi ba.

Akwai wasu halaye nasa da ke ba mutane mamaki. Na farko, mai wanke-wanke ne. Idan ya shiga tsohon tanki yakan ɓamɓare dattin da man gas ya tara shekara da shekaru, dattin ya taho ya toshe filta. Mai inji da bai san haka ba sai ya ce man ne ba shi da kyau, alhali tankinsa ne aka yi wa wanka. Abin da ake bukata shi ne canja filta sau ɗaya ko biyu a farko. Na biyu, yana cin tiyo da wasu robobin da ke cikin tsofaffin injuna, musamman idan kasonsa ya yi yawa. Na uku, ba ya son dogon ajiya. Yana jan ruwa daga iska, yana tsami, kuma zafin bazara na wannan yanki, da kan haura digiri 40, yana gaggauta lalacewarsa. Wata shida shi ne iyakar da aka saba bayarwa. Na huɗu ya shafi hunturu. Kowace mace ta san man ja da man gyaɗa suna yin barci da sanyi. Bayodizal da aka yi daga gare su ya gaji wannan hali. Wanda ya fito daga man ja yakan fara dusashewa idan sanyi ya sauko kusa da digiri 15, kuma daren hunturu a Ɓaɓura yakan yi ƙasa da haka. A watannin Disamba da Janairu ke nan sai a rage kaso zuwa B5 ko B10.

Injuna ma ba ɗaya ba ne. Tsohon injin niƙa mai silinda ɗaya, irin ƙirar Lista, mai bugawa a hankali kamar sakan dawa, yana da haƙuri da mai. Sabbin motoci da manyan janaretoci masu fesa mai da kwamfuta ba su da wannan haƙuri ko kaɗan, ɗigon ruwa ko ɗan sabulu ya isa ya jawo asarar da ta fi kuɗin man shekara. Sannan akwai abin da ya wajaba a nanata: bayodizal ba ya shiga injin fetur. Babur da ƙaramin janareta da mafi yawan ƙananan injunan ban ruwa da manoman rani ke amfani da su duk na fetur ne, ba su cikin wannan lissafi. Manomin rani da ke neman sauƙi ya fi dacewa ya duba famfo mai aiki da hasken rana.

Ina man yake?

Nan ne masu zumuɗin wannan shiri suka fi yin tuntuɓe. Misalan da suke kawowa na gaskiya ne. Birnin Graz na ƙasar Ostiriya ya fara tuƙa motocin safa da bayodizal na tsohon man suya tun 1994. Birnin Kyoto na Japan ya fara zuba shi a motocin kwasar shara a 1997, yana tattaro man daga gidaje da gidajen abinci. Amma a waɗannan birane tsohon mai shara ne. Mai gidan abinci neman wanda zai rabu da shi yake yi, domin in ya zuba shi a magudanar ruwa zai toshe ta, hukuma kuma ta ci shi tara.

A ƙasar Hausa kuwa babu wani abu da ake kira sharar mai. A dubi mai ƙosai ko mai awara ko mai suyar kifi a bakin tasha. Ba ta taɓa juye kaskonta ta zubar. Abincin da take soyawa yana shan man, ita kuma tana ƙara sabo a kan tsoho. Da dare ta tace, ta rufe, gobe a ɗora daga inda aka tsaya. Abin da ya rage a gindin kasko, mai duhu da ƙamshin kifi ko na nama, yana da masu so: a kan garau-garau yake ƙarewa, ko a kwaɗo, ko a tukunyar miyar gidanta. Man da aka soya ƙuli-ƙuli da shi kuwa shi ne ma ake ɗurawa a kwalba a kai kasuwa. Man da aka soya naman layya da shi yakan yi watanni ana miya da shi. Wannan ba rowa ba ce, lissafi ne: man girki ya fi man gas tsada, kuma Nijeriya, wadda a farkon shekarun 1960 take gaba a duniya wajen samar da man ja, shigo da shi take yi don cike giɓi. Wanda ya zo Ɓaɓura da jarka yana neman tsohon mai kyauta zai koma da jarkarsa yadda ya zo da ita.

Ana iya cewa to ai shi ke nan, magana ta mutu: tun da ba a zubar da man, babu asara, babu abin gyarawa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ake iya kawowa a kan shirin, kuma rabinta gaskiya ne. Inda ta gaza shi ne ta ɗauka cewa man da bai shiga kwata ba bai yi ɓarna ba. Duk lokacin da aka tafasa mai, iska da ruwan abinci da zafi suna sauya shi. Yakan yi duhu, ya yi danƙo, ya riƙa kumfa, ya riƙa hayaƙi tun bai yi zafi sosai ba, kuma a cikinsa wasu sinadarai suna taruwa waɗanda bincike ya danganta su da cutar da jijiyoyin jini da zuciya da hanta. Shi ya sa ƙasashe da dama suka sa iyaka: idan lalatattun sinadaran nan suka kai kusan kashi 25 cikin ɗari, man ya fita daga sahun abinci. Ƙasar Sin ta ɗanɗana kuɗarta a 2010 da 2011, lokacin da aka bankaɗo masu kwasar mai daga magudanan gidajen abinci suna tacewa suna mayar da shi kasuwa. A nan ba a kai ga haka ba, amma ɗan makarantar da ke karyawa da ƙosai ko awara kullum safiya yana cin man da ba wanda ya san sau nawa ya hau wuta.

Misalin da ya fi kusa da halin da ake ciki a nan shi ne na Indiya, ƙasar masu suya a bakin titi. A 2018 hukumar kula da abinci ta ƙasar ta kafa iyakar kashi 25 ɗin nan, ta kuma ɓullo da shirin tattara tsohon mai don yin bayodizal, daga baya kuma ta wajabta wa masu amfani da fiye da lita 50 a rana su riƙa rubuta yadda suke yi da man da suka gama da shi. Abin lura shi ne hukumar abinci ce ta jagoranci shirin, ba ta makamashi ba. Lafiyar masu ci aka sa a gaba, man inji ya zo a matsayin mafita ga man da aka hana ci. Wannan shi ne jerin da ya dace da Jigawa.

Amma mai ƙosai ba za ta rabu da manta don an yi mata wa'azin lafiya ba, sai an biya ta, kuma farashin yana da ƙunci. In an biya kaɗan, ta riƙe kayanta. In an biya da yawa har ya kusa kuɗin sabo, to an buɗe ƙofar algus, za a fara ƙona man ci da gangan a kawo. Turai ta ga haka: bayan dokokinta sun fifita man da aka yi daga tsohon mai, sai zargi ya yawaita cewa ana shigo da sabon man ja daga Asiya da sunan tsoho. Haɗarin da ke cikin karkatar da man ci zuwa inji ba tatsuniya ba ne. Indonesiya da kanta ta dakatar da fitar da man ja na wasu makonni a 2022 saboda man girki ya yi tsada a cikin gida. Yankin da iyalai da yawa ke sayen mai da cokali ba shi da hurumin ƙona man gyaɗa mai kyau a tarakta. Musaya ta fi dacewa: a kawo ƙonannen mai a karɓi wani kaso na sabo, yadda mai suya za ta ga ribarta a kasko, ba a aljihu kaɗai ba.

Wa zai yi, kuma a ina?

Nijeriya ba ta rasa takarda a kan wannan batu ba. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar man tsirrai wadda ta tanadi gauraya kashi 10 na itanol a fetur da kashi 20 na bayodizal a man gas. A shekarun nan ne kuma aka yi ta kambama binidazugu a Afirka da Asiya a matsayin shukar da za ta fitar da mai a busasshiyar ƙasa, daga baya aka gano cewa ita ma sai da ruwa da taki take ba da 'ya'ya na kirki, manyan gonakin da aka buɗe da yawa suka watse. Direban da ya shiga gidan mai a Kazaure ko Ɓaɓura ba zai tarar da famfon B20 ba. Darasin da ke ciki shi ne an fara da babban buri daga sama, ba a fara da lita ɗari daga ƙasa ba.

Wannan yanki yana da abin da yankuna da yawa ba su da shi. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, akwai kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ɓaɓura a 2021. A irin waɗannan wurare ne ya kamata a kafa ƙaramar masarrafa, a tattaro mai daga inda yake taruwa da ɗan yawa: kicin ɗin makarantun kwana, gidajen abinci na kan hanyar Kano zuwa Daura, masu suyar kifi da kaji na ranar kasuwa, da masana'antun kayan maƙulashe na Kano idan kuɗin jigila ya ba da dama. A ƙaddara injin niƙa yana shan lita 5 a yini. A B20 lita ɗaya kawai yake bukata. Masarrafar da ke fitar da lita 50 a mako za ta iya ɗaukar injuna bakwai irin wannan. Ba juyin juya hali ba ne, amma ya isa a auna: nawa aka kashe, nawa aka samu, yaya nozul da filta suka kasance bayan wata shida. Sai an sami waɗannan alƙaluma ne za a san ko ya cancanci a faɗaɗa, kuma in sun nuna asara, a faɗa a fili.

Dalilin da ya sa ba za a bar aikin ga kowa ba guda biyu ne. Na farko inganci. Tsohon mai ba ya zuwa iri ɗaya. Na yau ya fi na jiya tsami, kuma yawan sodar da za a sa ya dogara ga tsamin, sai an auna kowane ɗauri. In soda ta yi yawa, sabulu za a samu maimakon mai. In ta yi kaɗan, rabin man bai juya ba. Amurka da Turai kowacce tana da rubutacciyar ƙa'idar da bayodizal zai cika kafin a sayar, kuma hukumomin Nijeriya masu kula da ingancin kaya da harkar mai su ne za su ce ga abin da ya halatta a sayar. Ba tare da haka ba, 'yan bumburutu za su sami sabon suna da za su laƙaba wa gurɓataccen mai.

Na biyu shi ne mitanol. Guba ce. Ba shi da launi, yana shiga jiki ta baki da hanci da fata, cokali ɗaya ko biyu yana iya makantar da mutum, abin da ya ɗara haka kaɗan yana iya kisa. A 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha barasar gida mai ɗauke da shi. Yana kama wuta nan da nan, kuma da rana harshen wutarsa ba ya ganuwa sosai. Jihar da ta binne fiye da mutum 150 bayan fashewar tankar mai a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, a watan Oktoba na 2024, ba ta bukatar a yi mata dogon bayani kan ajiye abu mai kama wuta a tsakiyar jama'a. Jarkar mitanol ba ta da wurin zama a gidan da yara ke shan ruwa daga jarka.

Ga ƙananan masu suya na ƙauye, waɗanda abin da za su tara a wata bai wuce kwalba biyu ba, akwai hanya mafi sauƙi: sabulu. Tsohon mai da soda suna ba da sabulun wanki mai kyau, mata da yawa sun riga sun iya, ba a bukatar mitanol ko ɗakin gwaji. Duk inda kuɗin ɗauko man ya fi darajarsa, sabulu ya fi bayodizal. Gilisarin da ke fitowa daga masarrafa ma yana shiga sabulu, bayan an fitar da ragowar mitanol daga cikinsa.

Ɗalibin da ke shirin zama malamin Hausa yana iya tambayar abin da ya haɗa shi da nozul da fistin. Abin da ya haɗa su shi ne suna. Mai niƙa da mai ƙosai ba za su karanta rahoton jami'a ba. Da Hausa labarin zai iso musu, ta rediyo ko ta bakin 'ya'yansu da ke aji, kuma kalmar da aka zaɓa za ta iya gyarawa ko ta ɓata. In aka ce "ana tuƙa inji da man ƙosai", an yi ƙarya ba da niyya ba, kuma wani zai juye kasko a tanki. Kalmar "gas" kanta ta riga ta rikice, tun da Bahaushe yana kiran dizal da ita, yana kuma kiran iskar girki da ita. "Baƙin mai" ba zai yiwu a ba tsohon man suya ba, ko da ya yi baƙi ƙirin, don man giya da na inji sun riga sun karɓe sunan. "Bayodizal" ta zauna a baki ba wuya, tana bin tsarin gaɓar Hausa, amma ba ta gaya wa mai ji komai. "Sarrafaffen man suya" ta fi tsawo, sai dai tana ɗauke da abin da ake so a ji, wato cewa man ya bi ta wani aiki kafin ya cancanci tanki. Ana iya barin biyun su yi tafiya tare, ta aro a ɗakin gwaji da littafin kimiyya, ta gida a rediyo da kasuwa, kamar yadda "kwamfuta" da "na'ura mai ƙwaƙwalwa" suka daɗe suna yi.

Kafin masarrafar farko ta tashi, akwai abin da malamin firamare a Roni ko Gwiwa zai iya koyarwa gobe ba tare da kayan gwaji ba, wato alamomin man da ya gama aiki: ya yi duhu har ba a ganin gindin ludayi, yana danƙo a yatsa idan ya huce, kumfarsa ba ta kwanciya, yana hayaƙi tun kafin a saka ƙullu, ƙamshinsa ya koma ƙauri. Man da ya nuna biyu ko uku daga cikin waɗannan a ware shi a kwalba ta daban, a rubuta a jikinta cewa ba na ci ba ne, a ajiye wa mai yin sabulu.